Masallacin Ƙasa na Abuja: wa ya gina shi, kuma na wane ne?

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Juma'ar da ta wuce na ɗauki yarona daga Kubwa muka tafi Masallacin Ƙasa. Shekararsa tara, kuma ranar ce ya fara zuwa. Tun daga kan titi da ya hango ƙubbar nan mai ruwan zinare da hasumiyoyi huɗu ya kasa rufe baki. Da aka sallame muna neman takalmanmu sai ya ce, "Abba, wane sarki ne ya gina wannan?" Wallahi sai na yi tsaye. Ni Bakano ne, da masallacin ƙofar gidan Sarki ya tambaye ni, da na ba shi labarin Muhammadu Rumfa, na zo masa har kan Abdullahi Bayero. Amma nan shekara goma sha ɗaya ina salla a ciki, abin da kawai na iya ce wa yaron shi ne an gina shi a 1984. Abin ya tsaya mini a rai. Masu ilimi a cikinmu, ku taimaka mini da amsar da zan kai masa.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam. Allah ya raya Khalifa, tambayarsa ta manya ce. Ka ce masa ba sarki ba ne, amma akwai hannun sarki a ciki. Sai dai ba za a gane masallacin ba sai an fara gane garin.

A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamiti ƙarƙashin Mai shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Legas za ta ci gaba da zama babban birni. Legas ta cushe, ga ta a bakin teku can ƙarshen ƙasa, ga shi ita ce mazaunin gwamnatin tarayya kuma ita ce ta jiha. Sannan ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba, ana neman wurin da babu wata babbar ƙabila da za ta buga ƙirji ta ce nata ne. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka yi dokar kafa sabon birnin, aka yanko ƙasa daga jihohin Neja da Filato da Kwara. Bayan kwana goma aka kashe Murtala, Allah ya jiƙansa. Bai ga ko bulo ɗaya ba.

Da aka zo zana tsakiyar birni, aikin da aka ba wani Bajapane mai suna Kenzo Tange, an ware fili na masallaci da na coci a kan babban titi guda, wanda ake kira Independence Avenue. A zamanin Shehu Shagari shugabannin Musulmi suka tashi tsaye da maganar ginin da neman gudummawa, ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, wadda Sarkin Musulmi Abubakar na Uku yake shugabanta a lokacin. To ka ga hannun sarkin da na ce. A 1984 aka gina shi, lokacin soja sun riga sun karɓi mulki. Ita kuwa gwamnati ba ta tare a Abuja ba sai 12 ga Disamba 1991, zamanin Babangida.

Ka lura da wannan: a Kano da Katsina da Zariya gari ne ya fara cika, sannan aka yi masa masallaci. A Abuja masallacin ne ya riga jama'arsa zuwa, ya zauna yana jiransu.

Sadiq_KD:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja. Ginin da bai wuce shekara arba'in da 'yan kai ba shi ne za a kira tarihi? Mahaifina ya girme shi. Hasumiyar Gobarau a Katsina ta yi ɗaruruwan shekaru, wannan shi ne tarihi. Kuma mu faɗi gaskiya, Masallacin Ƙasa masallacin manya ne. Ɗaurin auren 'ya'yan shugabanni, jana'izar janar-janar, shi ke nan abin da muke gani a labarai. Talakan Abuja yana Nyanya da Mararaba da Gwagwalada, a can yake sallarsa.

Baba Garba Mai Ritaya:
Ɗana Sadiq, zo nan in ba ka labari.

Ni ina cikin ma'aikatan da aka kwaso daga Legas. Na bar iyalina a can wata bakwai kafin in samu inda zan ajiye su. Abujar da na tarar ba wannan ba ce. Tituna manya-manya babu mota, jar ƙasa ko'ina, in iska ta taso farar rigarka ta gama aiki. Da yamma in an tashi daga ofis gari ya yi tsit, kowa ya shige ɗakinsa, ba ka da dangi, ba ka da majalisa. Ranar Juma'a kaɗai muke jin mu mutane ne. Daga Garki muke takawa, ƙubbar nan ce alamarmu, don a lokacin babu dogayen benaye da za su tare ta. A harabar masallacin nan na haɗu da mutumin garinmu wanda rabona da shi tun muna makarantar allo. A nan ake ba da saƙo a kai gida, a nan ake jin wa ya rasu, wa aka yi wa haihuwa, ina ake neman direba ko masinja. Mutum nawa suka samu abin yi a gindin katangar nan, Allah kaɗai ya san adadinsu.

Ka ce na manya ne. Manyan suna zuwa, gaskiya ne, kuma su ake ɗauka a hoto. Amma ka je ranar Juma'a ka tsaya a baya ka ƙirga. Mai gadi, ɗan tasi, mai wankin takalmi, lebura da siminti a ƙafarsa, su ne suke cika sahu har waje. Ka duba kasuwar da take ci bayan an sallame: masu turare, masu hula, masu dabino da zuma, masu kilishi, masu littattafai. Su ma manya ne?

Maganar shekaru kuwa, ita ma Gobarau akwai ranar da take da shekara arba'in. Da mutanen wannan zamanin sun rubuta mana sunayen maginanta da abin da suka gani, da yau mun fi haka sani. Mu da muka ga farkon wannan muna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Cikin mu shida da muke tafiya Juma'a tare, saura mu biyu.

Sadiq_KD:
Baba, na karɓi gyara a kan maganar talakawa. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.

Maman Hanifa:
Amin. Baba ya sa ni hawaye. Amma ni akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da masallacin nan, kuma tunda zanen gine-gine na karanta bari in faɗa.

Ginin yana da kyau, ban musa ba. Ƙubba babba a tsakiya, hasumiyoyi huɗu sirara a kusurwoyi, ɗakin karatu, zauren taro, gidajen limamai. Amma ka ɗauki hotonsa ka nuna wa baƙo ka ce wace ƙasa ce wannan. Zai iya ce maka Turkiyya, zai iya ce maka Pakistan. Babu abin da zai ce masa Nijeriya. Alhali muna da namu salon, kuma ba ƙaramin salo ba ne.

Ku je Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu. Mutumin nan ba shi da rodi, ba shi da siminti. Tubali ne da azara. Azara kuwa ba ta iya tsallake fili mai faɗi ita kaɗai, za ta lanƙwashe. Sai ya riƙa fito da ita daga jikin ginshiƙi kaɗan-kaɗan, a ɗaure wannan a kan wancan, a shafe da ƙasa, a bari ta bushe, a ƙara wani hawa, har bangarori biyu su haɗu a sama su zama baka. Shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiya aka yi ɗaurin guga, sai a ɗora tulluwa a kai. Ka shiga ciki da tsakar rana a watan bazara ka ji sanyi kamar bakin randa, ba fanka ba na'ura. Masana gine-gine daga Ingila da sauran ƙasashe sun zo sun auna ginin nan sun yi rubutu a kansa. Mu kuma da muka tashi yin masallacin da za a kira na ƙasa baki ɗaya, ko zanko ɗaya ba mu sa masa ba.

Ba cewa nake a gina shi da ƙasa ba. Ana iya zuba kankare a siffar bakan gizo. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ba a ma waiwayi gida ba.

Ustaz Nura:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, mun ƙaru. Sai dai ina so mu tuna cewa masallaci ba shi da wata siffa da shari'a ta wajabta. Masallacin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da tubalin ƙasa aka gina shi, ginshiƙansa kututturen dabino, rufinsa ganyen dabino, in an yi ruwa har yoyo yake yi. Ba ƙubba, ba hasumiya. Bilal a kan rufin wani gida yake hawa ya yi kiran salla. Sayyidina Umar ya faɗaɗa shi, Sayyidina Usman ya sake gina shi da dutse. Kowane zamani da abin da ya samu. Abin da hadisi ya yi alkawari a kai shi ne wanda ya gina masallaci don Allah, Allah zai gina masa gida a Aljanna. Niyya ce ma'auni.

Kuma akwai wani abu. Da an yi shi da zankwaye da bakan gizo, ɗan uwanmu Musulmi na Ibadan ko Auchi ko Maiduguri zai zo ya ce an gina masallacin Hausawa an laƙaba masa sunan ƙasa. Ƙubba da hasumiya kuwa kowane Musulmi yana ganinsu ya san nasa ne.

Maman Hanifa:
Malam, hujjarka ta biyu tana da ƙarfi, na yarda. Amma ta farkon ai ni take goya wa baya. In kowane zamani da kowane wuri yana gini da abin da yake da shi, don me mu za mu tsallake namu mu ɗauko na wasu? Kuma ba dole sai na Hausa kaɗai ba. Ga Masallacin Shitta-Bey a Legas tun 1894, da salon da 'yan uwanmu da suka dawo daga Barazil suka zo da shi. Ga aikin tagulla da gilashi na Bida. Ga jan bulo na Barno. Da an so, da kowane yanki ya ga hannunsa a jikin ginin.

Abin da nake tsoro shi ne abin da ya biyo baya. Yau duk attajirin da zai gina masallaci a ƙauyensu hoton na Abuja yake nuna wa magini. An rushe tsofaffin masallatan ƙasa da yawa an maye su da ƙubbar kwano. Shi kansa na Zariya, da wani sashensa ya rufta a watan Agusta 2023 ana sallar La'asar har aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, sai wasu suka fara cewa ai ginin ƙasa ne, dama ya tsufa. Ginin ƙasa yana son kulawa duk shekara, a duba indararo, a yi yaɓe kafin damina. Maginan da suka iya wannan aikin su ma ƙarewa suke yi kamar abokan Baba.

Isuhu na Yamai:
Salamu alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Ni daga Nijar nake bin zancen nan. Abin da Hajiya ta faɗa mu ma ya same mu. Babban masallacinmu na Yamai a shekarun 1970 aka gina shi da kuɗin Libiya, shi ya sa har gobe mutane suke ce masa masallacin Gaddafi. Salon Larabawan arewa ne. Alhali muna da na Agadas, wanda aka fara ginawa a 1515, hasumiyarsa ta ƙasa zalla mai tsawon mita 27, itatuwa sun fito a jikinta don masu yaɓe su taka. Duk baƙon da ya zo Nijar hoton na Agadas yake nema. A Gana ma haka ne, babban masallacin Ankara (Accra, babban birnin Gana) da aka buɗe a 2021 Turkawa ne suka gina, kana ganinsa ka ga Istanbul. Ku dai ku gode wa Allah, naku ba a kiransa da sunan shugaban wata ƙasa.

Ɗan Suleja:
Tunda ana tarihi, kada a manta da mu. Sunan Abuja ɗin nan da yake jikin masallacin namu ne. Lokacin jihadi Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya yo kudu da jama'arsa. Bayan rasuwarsa ɗan uwansa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Da aka zo yin babban birni sai aka ɗauki sunan, garinmu ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Saboda haka in wani ya ce maka Musulunci baƙo ne a wannan yanki sai da aka gina Masallacin Ƙasa, ka ce masa ana Juma'a a tsohuwar Abuja fiye da shekara ɗari kafin a haifi Murtala. Kuma farkon aikin birnin, ma'aikata da yawa a Suleja suke kwana su wuce wurin aiki da safe.

Musa Garki:
Yaya na Suleja ya faɗi nasa, bari in faɗi namu. Ni Gbagyi ne, waɗanda kuke ce wa Gwari, kuma Musulmi ne tun kakana. Malam Ɗanjuma ya ce an nemi wurin da ba na wata babbar ƙabila ba. Haka ne. Amma ba daji aka tarar ba. Akwai mu, akwai Koro da Gade da Gwandara da Bassa da Ganagana. Akwai gonakin doya, akwai kaburburan iyaye. An tashi ƙauyuka da yawa don a yi tituna da ofisoshi, danginmu wasu sun koma wurin da ba su san ƙasarsa ba. Kakata har ta rasu in mun wuce tsakiyar gari a mota takan nuna wani wuri ta ce nan suke zuwa itace.

Ban faɗi wannan don in ɓata wa kowa rai ba. Ina salla a masallacin nan, ina son sa, a nan aka yi wa mahaifina salla. Roƙona kawai, Abban Khalifa, in za ka ba yaron labari, kada ka fara daga 1976. Ka ce masa akwai mutane a wurin tun kafin nan.

Malam Ɗanjuma:
Malam Musa, ka yi gaskiya, kuma gyara ne a kaina. Na gode.

Bari in ƙara kan tambayar "na wane ne", don mutane da yawa sun ɗauka wata ma'aikatar gwamnati ce take riƙe da shi. Ba haka ba ne. Yana ƙarƙashin Majalisar Ƙoli ne, wadda Sarkin Musulmi yake shugabanta, da hukumar gudanarwarsa. Ka duba yadda ake naɗa limamai za ka gane. Ustaz Musa Muhammad ya daɗe yana babban limami har Allah ya karɓi ransa a 2015. A 2017 sai aka sauya tsari, aka ajiye muƙamin babban limami guda ɗaya, aka naɗa Farfesa Shehu Galadanci a matsayin Murshid, wato mai kula da al'amuran masallacin gaba ɗaya. Shi kuwa mutum ne da ya riƙe jami'ar Sakkwato, ya kuma yi jakadanci a Saudiyya. Aka sa limamai uku suna karɓa-karɓa: Farfesa Ibrahim Maƙari, da Dakta Muhammad Kabir Adam, da Shaikh Ahmad Onilewura. A 2024 kuma aka ƙaro wasu, cikinsu har da Farfesa Iliyasu Usman, ɗan ƙabilar Ibo, ya hau mumbarin ya yi huɗuba.

To Hajiya, abin da kika nema a jikin bango ba a yi ba, amma an yi shi a kan mumbari.

Maman Hanifa:
Na ji, Malam, kuma na yi murna da shi ranar da na gani. Amma limami yana zuwa ya wuce, bango yana nan. Ina nan kan bakana.

Sadiq_KD:
Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar cocin da Malam ya ambata. Da gangan aka sa su kusa?

Malam Ɗanjuma:
Da gangan. Masu tsara birnin sun so duk wanda ya shigo tsakiyar Abuja ya ga addinan biyu a tsaye, ba wanda aka tura bayan gari. Sai dai cocin ya daɗe ba a ƙarasa ba, sai 2005 zamanin Obasanjo. Ka tuna watan Mayu 2021 da jirgin soja ya faɗi a Kaduna da Janar Ibrahim Attahiru da mutanensa? Rana ɗaya aka yi wa Musulmin cikinsu salla a Masallacin Ƙasa, aka yi wa Kiristocin addu'a a cocin, sannan aka kai su maƙabartar soja tare. Kuma ba a hana wanda ba Musulmi ba shiga ya ga masallacin, in dai ba lokacin salla ba ne.

Baba Garba Mai Ritaya:
Akwai ranar da ba zan manta ba, ita ce Juma'ar farko da aka rufe masallacin saboda annobar korona a 2020. Jikana ya fita da ni a mota, muka bi ta gabansa wajen ƙarfe ɗaya da rabi. Ba mota, ba mai turare, ba ko tabarma ɗaya a waje. Na ce ya tsaya. Na daɗe ina kallon ƙubbar. Sai na ga kamar an mayar da ni shekarar da na zo, lokacin da ginin yake tsaye shi kaɗai a jar ƙasa. Na koma gida na yi Azahar raka'a huɗu, ban iya cin abinci ba ranar.

Abban Khalifa:
Jama'a, Allah ya saka muku da alheri. Na zo neman amsa ɗaya na samu goma. Daren jiya na karanta wa Khalifa abin da kuka rubuta, na fara masa daga kakar Malam Musa kamar yadda ya roƙa. Yanzu rigimar da yake yi mini ita ce sai na kai shi Zariya ya ga bakan gizo.

Baba, ina da roƙo. Maganar da ka yi cewa saura ku biyu ta hana ni barci. In ka yarda, ina so in zo da waya in ɗauki labarinka da bakinka, kai da abokin naka, tun daga ranar da kuka sauka a garin nan. Malam Ɗanjuma, in ka samu hali ka rubuto mini tambayoyin da ya kamata in yi.

Malam Ɗanjuma:
Zan turo maka yau da dare. Ka tambaye su har da sunayen ladanai da masu shara na farko, su ne ba a rubutawa.

Baba Garba Mai Ritaya:
Na yarda, ɗana. Abokin nawa ƙafa ta hana shi fita, sai dai mu same shi a gida, kuma ji ya yi masa nauyi, za ka ɗaga murya. Ka zo ranar Asabar bayan La'asar. Akwai wasu hotuna a cikin akwatina da muka ɗauka a harabar masallacin da Ƙaramar Salla, zan sa a nemo su kafin ka iso. Ka taho da yaron.